Karatun dogon hutu ga ɗaliban firamare a Sakkwato: amfaninsa, hanyoyinsa da wanda alhakin ya rataya a wuyansa

A kowace shekara makarantun firamare na Sakkwato sukan rufe tsawon makonni da dama a tsakiyar damina, tsakanin ƙarshen watan Yuli da watan Satumba. A wannan lokaci yaran ƙauye sukan bi iyayensu gona, na birni kuma wasu su kama talla ko zaman shago. Makarantun allo da Islamiyya da yawa suna ci gaba da aiki, amma karatun boko yakan tsaya cak ga duk yaron da ba shi da littafi a gida. Karatun dogon hutu shi ne duk wani tsari da ke sa yaro ya ci gaba da karanta littafi, kuma ya yi wani aiki a kansa, har a koma makaranta.

Me ya sa hutun ke cin karatu?

Iya karatu kamar iya tuƙin keke ne ga wanda ya ƙware, amma ga ɗan aji ɗaya ko biyu da yake haɗa baƙi da wasali, abin bai riga ya zauna ba. Idan ya yi makonni bai ga rubutu ba, sai ya koma baya.

An fi nazarin wannan matsala a Amurka. Wani bincike da Harris Cooper da abokan aikinsa suka wallafa a 1996 ya nuna cewa ɗalibai kan yi asarar kimanin karatun wata guda a dogon hutu, kuma a fannin iya karatu 'ya'yan talakawa ne suka fi komawa baya. A 2010 Richard Allington da abokan aikinsa suka bayar da rahoton wani gwaji a jihar Fulorida, inda aka bar 'ya'yan marasa ƙarfi suka zaɓi littattafai da kansu suka tafi da su gida a hutu uku a jere. Yaran sun fi takwarorinsu da ba a ba littattafan ba samun maki a jarrabawar karatu. Darasin shi ne littafi a hannu, wanda yaro ya zaɓa da kansa, yana da tasiri ko da babu aji.

Halin da Sakkwato ke ciki

Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara tara cikin goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi a lokacin da suka kai shekara 10. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a Sakkwato da Bauchi a 2011 da 2013 sun nuna cewa mafi yawan ɗaliban ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa.

Wannan ne ya haifar da shirye-shiryen da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta ɗauki nauyi a jihohin biyu: shirin RARA a 2014, sannan NEI Plus daga 2015, wanda ya samar da littattafan “Mu Karanta!” na aji ɗaya zuwa uku. A ƙarshen 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. To amma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID. Hausawa na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, haka ma dogaro da tallafin baƙo: ranar da ya naɗe tabarmarsa, nauyin buga littattafai ya dawo kan gwamnatin jiha da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB.

Ba baƙon abu ba ne

Kai karatu gida tsohuwar al'ada ce a Sakkwato. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke karɓar waƙoƙin ilimi daga gare ta su kai wa matan ƙauyuka. Ba a jira ɗalibi ya zo aji ba, rubutun ne ya je ya same shi, kuma cikin harshen da yake ji. Karatun hutu yana kan wannan turba.

Wane littafi, ga wane yaro?

Littafin da ya fi ƙarfin yaro yana kashe masa gwiwa. Ma'auni mai sauƙi shi ne yaro ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi. Idan ya yi tuntuɓe a kalmomi biyar ko fiye, a sauya masa da mai sauƙi.

- Aji 1 da 2: littattafai masu hotuna da gajerun jimloli, irin su “Mu Karanta!” da tsohon “Ka Koyi Karatu”.
- Aji 3 da 4: tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da gajerun labarai masu shafi biyu ko uku.
- Aji 5 da 6: “Magana Jari Ce” da “Ruwan Bagaja” na Abubakar Imam, tare da sauƙaƙan labaran Turanci.

Ga masu waya, shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara da Hausa kyauta, waɗanda za a iya saukewa ko a buga a takarda.

Ayyukan da ke biyo bayan karatu

Karatu ya fi zama idan yaro ya yi wani abu da shi. Ga ayyukan da ba sa bukatar kuɗi mai yawa:

- Littafin tatsuniyar kaka. Yaro ya saurari tatsuniya daga bakin kakarsa, ya rubuta, ya zana hotuna, ya ɗinke takardun da zare, ya yi bango da kwalin sabulu.
- Ƙamusun unguwa. Ya tattara kalmomi 30 daga wurin dukawa, majema, masunta na Gulbin Rima ko 'yan kasuwa, ya rubuta ma'anarsu. Wannan yana adana kalmomin Sakkwatanci da ba a cika samu a littattafan makaranta ba.
- Kundin damina. Jimla biyu a kowace rana game da ruwan sama, tsayin gero da aikin da aka yi a gona.
- Wasan kwaikwayo. Yara huɗu ko biyar su zaɓi labari, su raba matsayi, su nuna shi a tsakar gida.
- Wasiƙa ga tauraron labari, ko sabon ƙarshe da yaro ya ƙirƙira da kansa.

Rashin iya boko na iyaye ba cikas ba ne. Uwa za ta iya cewa ɗanta ya karanta mata minti 15 bayan Magariba, sannan ta tambaye shi abin da ya faru a labarin. Wa ko ya da ke sakandare za su iya duba rubutun. Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne malami ya bayar da shi, a dawo hutu bai duba ba.

Inda siyasa ta shigo

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, kuma jiha ba ta samun babban kasonta sai ta ajiye daidai da shi. Wani ɓangare na kuɗin hukumar na kayan koyarwa ne. Sai dai a makarantu da dama akan kulle littattafai a ofishin hedimasta lokacin hutu don tsoron kada su ɓace ko su yage.

Akwai kuma batun harshe. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, amma a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar tare da komawa Turanci. Matakin bai hana yaro karanta Hausa a gida ba, amma yana iya rage littattafan Hausa da gwamnati za ta saya.

Saboda haka matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi suna da tambayoyin da za su kai wa SUBEB, sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 23 da kwamitocin kula da makarantu: littattafai nawa aka saya bana, kuma da wane harshe? Nawa ne suka isa hannun ɗalibai? Shin an yarda yaro ya ari littafi ya tafi da shi gida? Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa. Wanda gara ta cinye a cikin kabad asarar dukiyar jama'a ce.