Tarihin Geta da Seta a Rubutun Manhaja

Geta da seta ƙananan ayyuka ne da mai rubuta manhaja ke gindayawa a ƙofar bayanan da wani abu ya adana a cikinsa. Geta ke miƙo ƙima, seta ke karɓar sabuwa ya duba ta kafin ya ajiye. Kishiyar wannan tsari ita ce a zura hannu cikin ma'ajin kai tsaye. Duk ɗan kasuwa Bahaushe da ke Anacha ko Fatakwal ya san bambancin: ba kowa ake bari ya taɓa aljihun tebur ba, sai wanda aka ɗora wa riƙon lissafi.

Asalin batun na komawa ga Simula 67, yaren da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a Norway a 1967. A 1972 David Parnas ya kafa hujjar cewa kowane sashe na manhaja ya ɓoye sirrin gininsa, don idan aka sauya ciki kada waje ya rushe. Yaren Smalltalk na Xerox PARC ya bi wannan sau da ƙafa, ba a isa ga ma'ajin abu daga waje sai ta hanyar aika masa saƙo.

Java, da ta fito a 1995, ita ta mayar da geta da seta al'ada, har aka wuce gona da iri, ana rubuta su ga kowane ma'aji ko babu dalili. Allen Holub ya soki hakan a 2003, kuma yana da gaskiya, domin setan da ba ya duba komai bai kare komai ba. Yarukan Delphi, Python 2.2 a 2001, da C# sun sasanta: a rubutu kamar kai tsaye ake taɓawa, amma aikin geta na gudana a ɓoye.

Wani wurin da batun ya yi nauyi shi ne yaren Objective-C 2.0 da kamfanin Apple ya fitar a 2007. A nan seta ne ke riƙe sabuwar ƙima a ƙwaƙwalwa ya saki tsohuwa, wanda ya tsallake shi manhajarsa na iya faɗuwa. Saboda haka Apple ya ba da shawarar a bi ta seta kusan ko'ina, ban da cikin ayyukan init da dealloc, lokacin da abun bai gama ginuwa ba ko ya fara rushewa. Zuwan ARC, tsarin da ke riƙewa da sakin ƙima da kansa, a 2011 ya ɗauke wa seta nauyin ƙwaƙwalwa, amma ƙa'idar init da dealloc ta ci gaba da aiki.