Juriyar amfanin gona ga kwanciyar ruwa a fadamun Kaduna

Juriya ga kwanciyar ruwa ita ce ƙarfin da shuka ke da shi na ci gaba da rayuwa idan ruwa ya kwanta a gona ya toshe kafofin iska na cikin ƙasa. Saiwa tana shaƙar iskar oksijin. Idan ta rasa ta, sai ganye ya yi ɗorawa, tsiro ya tsumbure, saiwar ta ruɓe. A birnin Kaduna an fi ganin haka a watannin Agusta da Satumba, a gonakin gaɓar arewa ta Kogin Kaduna, wajejen Malali, Unguwan Rimi da Kabala.

Shinkafa ce ta fi juriya, domin a cikin karanta da saiwarta akwai ƙananan hanyoyi masu kai iska ƙasa. Rake da gwaza ma suna jurewa. Dawa ta fi masara haƙuri, musamman masarar da ba ta daɗe da tsirowa ba. Gero, wake, gyaɗa da tumatir kuwa kwanaki kaɗan ke lalata su, shi ya sa ake shuka su a kan kunya ko a tudu.

Ko a cikin shinkafa iri ya bambanta. Yawancinta tana mutuwa idan ambaliya ta shanye ta ɗungurungum na tsawon mako guda. A shekarar 2017 aka fitar da FARO 66 da FARO 67 a Najeriya, bayan aikin cibiyar AfricaRice da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi. Suna ɗauke da ƙwayar gado mai suna Sub1, wadda aka samo daga wata shinkafar gargajiya ta Indiya. Ita ce ke sa tsiron ya dakatar da girma, ya adana abincinsa a ƙarƙashin ruwa har kusan mako biyu, sannan ya farfaɗo idan ruwan ya janye.