Zaɓen Tarayya na 1959: Ƙidayar Ƙabilu Ce ko Karkacewar Ma'auni?

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a littattafan tarihin siyasar Nijeriya, har ɗalibai sukan kawo shi a jarrabawa kamar karatun da ba ya buƙatar hujja. Ra'ayin shi ne cewa zaɓen 12 ga Disamba 1959, wanda ya samar da gwamnatin da ta karɓi mulkin kai a 1960, sunansa ne kawai zaɓe, amma a haƙiƙa ƙirga ƙabilu aka yi: Bahaushe ya bi NPC, Bayarabe ya bi AG, Ibo ya bi NCNC. Wanda ya fi kowa ba wannan fahimta ƙarfi a ilimance shi ne Donald Horowitz (1985), da ya nuna cewa a ƙasashen da ƙabilanci ya raba, zaɓe yakan rikiɗe ya koma ƙidaya, domin mutum asalinsa yake bayyanawa da ƙuri'arsa. Ba na musun cewa nazarin nasa ya haska abubuwa da yawa. Abin da nake ja a kai shi ne ɗora shi kacokan a kan 1959, musamman a kan Jihar Arewa, inda a ganina alƙaluman ke faɗar wani abu daban.

Yadda tsarin jihohi uku ya samo asali, da yadda kowace jam'iyya ta kafu a jiharta, abu ne da aka riga aka ƙure (Coleman, 1958; Sklar, 1963; Dudley, 1968). Ya isa a tuna cewa kujeru 312 aka yi takara a kansu: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. NPC ta sami 134, dukkansu a Arewa. Ƙawancen NCNC da NEPU, jam'iyyar adawa ta Arewa, ya sami 89, AG da abokan tafiyarta 73, sauran suka tafi ga ƙananan ƙungiyoyi da 'yan takara masu zaman kansu. Wanda ya shafa wa taswira launi bisa wannan rabo zai ga ƙasa ta tsage gida uku, kuma daga nan ne maganar ƙidaya ta samo ƙarfinta.

Sai dai kujera daban, ƙuri'a daban. Alƙaluman da Post (1963) ya tattara sun nuna cewa a Yamma AG ba ta kai ga rabin ƙuri'u cif ba, NCNC kuwa ta sami wajen kashi 40 cikin ɗari da kujeru 21. A Gabas AG ta ɗauki kujeru 14 da kusan rubu'in ƙuri'u. A Arewa, wadda aka fi kwatantawa da dunƙulalliyar ƙasa mai murya ɗaya, NPC ta tsaya a wajen kashi 61. Ma'ana, cikin kowane mutum biyar da suka jefa ƙuri'a a Arewa, kusan biyu sun juya wa jam'iyyar Sardauna baya.

A nan ne mai kare Horowitz zai tare ni, kuma sukar tasa da nauyi. Zai ce: to su wane ne suka ba AG kujerun nan? A Gabas, mutanen Kalaba da Ogoja da yankin Ribas ne, masu neman jiharsu don tsoron danniyar Ibo. A Arewa, Tibi ne da sauran al'ummun tsakiyar ƙasa a ƙarƙashin UMBC ta Joseph Tarka. Kujerun NCNC na Yamma ma mafi yawansu daga lardunan Binin da Delta suka fito, inda ba Yarabawa ne ke da rinjaye ba. Hukumar Willink ta saurari koken waɗannan al'ummu a 1957 da 1958, ta ƙi ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi, su kuwa suka kai kukansu akwatin zaɓe. Saboda haka, in ji shi, abin da na kawo bai rushe ƙidayar ba, ƙara mata dalla-dalla ya yi: maimakon ƙabilu uku, an ƙirga goma sha.

Wannan suka ta samu wuri, kuma dole in rage faɗin da'awata saboda ita. Ƙuri'ar Tibi a 1959 ƙuri'ar al'umma ce, boren da ya ɓarke a ƙasarsu a 1960 ya ƙara tabbatar da haka. Ba zan kafa hujja da ita ba. Haka nan ba zan dogara sosai da ƙasar Yarabawa ba, duk da cewa Ibadan ta Adegoke Adelabu da Ilesha da Oyo sun daɗe suna adawa da AG. Ana iya cewa wannan ma rikicin asali ne a ƙaramin mataki, tsakanin garuruwan da ke kallon AG a matsayin jam'iyyar Ijebu da waɗanda suka rungume ta, kuma Laitin (1986) ya nuna irin ƙarfin da garin kakanni ke da shi a siyasar Yarabawa. Ina da ja a kan hakan, domin tsige Alafin na Oyo da gwamnatin AG ta yi a tsakiyar shekarun 1950 rikicin iko ne ƙarara, amma na bar shi. Abin da ya rage mini shi ne wuri guda inda nazarin ƙidaya, a iya fahimtata, ba shi da amsa mai gamsarwa: ƙuri'un NEPU a cikin masarautun Arewa.

NEPU ta sami ƙuri'u sama da rabin miliyan, wajen kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'un Arewa. AG da ƙawayenta sun sami wajen kashi 17. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Amma da aka zo rabon kujeru, AG ta tashi da 25, NEPU ta tashi da 8. NPC kuwa, da kashi 61 na ƙuri'u, ta kwashe kashi 77 na kujerun jihar. Idan aka raba ƙuri'u da kujeru, kowace kujerar NPC ta ci ƙasa da ƙuri'u 15,000, ta AG ta ci wajen 22,000, ta NEPU kuwa ta ci sama da 60,000. Da a ce gwargwadon ƙuri'a aka raba, da NEPU ta doshi kujeru 28, NPC ta sauko kusa da 106.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsarin da Ingila ta bar mana shi ne mazaɓa ɗaya, wakili ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke duka ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi. Adawar da ta taru wuri guda, kamar ta Tibi, tana cin mazaɓunta ta bayyana a taswira. Adawar da ta bazu a kasuwanni da unguwanni da ƙauyuka daga Kano zuwa Zariya zuwa Katsina, tana samun kashi ashirin a nan, talatin a can, takan zo ta biyu a wurare da dama, ta ɓace. Tsarin kamar rariya yake: yana riƙe tsaki, gari ya zube ƙasa, sai mai kallo ya leƙa ya ce ai tsaki kaɗai aka niƙa. Tun da ƙabila ce ke zaune wuri guda, bambancin matsayi da sana'a da aƙida kuwa a warwatse yake cikin kowane gari, ma'aunin da kansa ya fi ganin ƙabila. Wanda ya karanta taswirar kujeru ya ce ya ga zuciyar masu zaɓe, da alama siffar ma'aunin ya gani.

Za a iya cewa ƙuri'un NEPU ba duka na 'yan ƙasa ba ne, tun da tana ƙawance da NCNC, kuma 'yan Kudu mazauna Sabon Gari a Kano da Zariya, da na Jos da Kaduna, sun jefa mata. Haka ne, kuma ya kamata a cire wannan kaso. Amma baƙin da ke 'yan garuruwan da layin dogo ya ratsa ba za su haɗa rabin miliyan ba, kuma binciken Whitaker (1970) da na Paden (1973) ya nuna inda saiwar jam'iyyar take: ƙananan 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu irin su teloli da mahauta da marina, malaman zaure, da manoman da haraji da jangali da aikin tilas suka gallaba.

Suka ta biyu ta fi wannan dabara. Ana cewa rikicin NEPU da NPC shi ma na asali ne, wato Haɓe talakawa a gefe guda, Fulani masu sarauta a ɗaya gefen. Ba na cewa wannan harshe bai taɓa fitowa a dandalin lacca ba. Amma a dubi mutanen. Malam Aminu Kano, wanda ya ci mazaɓar Kano ta Gabas a wannan zaɓe, Bafulatani ne daga gidan malamai da alƙalai. Abubakar Zukogi Banufe ne daga Bida, Bello Ijumu kuwa, ɗaya daga waɗanda suka kafa jam'iyyar a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, mutumin lardin Kabba ne. A ɓangaren NPC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ba daga gidan sarautar Fulani ya fito ba, Shettima Kashim Ibrahim Babarbare ne, Aliyu Makaman Bida Banufe. Layin da ya raba Zukogi da Makama, 'yan gari ɗaya masu harshe ɗaya da addini ɗaya, shi ne matsayin kowannensu game da mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Kalmar da NEPU ta riƙe tun daga sanarwarta ta Sawaba ita ce talakawa, kuma talaka a Arewa yana iya zama ɗan kowace ƙabila.

Ko kashi 61 ɗin na NPC ma bai kamata a karɓe shi ba tare da tambayar yadda aka same shi ba. A ranar zaɓe, mutum yakan karɓi takardarsa ya shiga bayan labule, ya tarar da akwatuna a jere, kowane da alamarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta AG. Shi kaɗai ne a ciki, kuma wannan ne karo na farko da aka yi zaɓen tarayya kai tsaye a duk faɗin Arewa. Amma kafin ya iso labulen, ya shafe watanni a ƙarƙashin dagaci da hakimin da ke yanka masa haraji. Jam'iyyar da ke son yin lacca sai ta nemi izni daga En'e, 'yan doka na En'e ne, gidan yari na En'e ne, alƙalin da zai yi shari'ar wanda aka kama da laifin taro ba izni ko zagin sarki shi ma ma'aikacin En'e ne, manyan En'e kuwa su ne jiga-jigan NPC a lardi. Manomin da bai taɓa ganin ƙuri'ar asiri ba yana da dalilin shakkar cewa asirin zai rufu. Ba ina nufin duk wanda ya jefa wa fartanya tsoro ne ya sa shi ba. Da yawa sun yi imani cewa NPC ce za ta kare Arewa daga rinjayen 'yan Kudu a aikin gwamnati, wasu kuma biyayya ga sarki a wurinsu ɓangare ce ta addini da tarbiyya. Abin da nake cewa shi ne, rabin miliyan ɗin da suka jefa wa tauraro a cikin wannan hali sun fi kama da mafi ƙarancin adadin masu adawa. Sannan matan Arewa gaba ɗaya ba su da ƙuri'a a 1959, ciki har da Gambo Sawaba da ta sha ɗauri saboda NEPU. Ƙidayar da ta bar rabin jama'a a waje da wuya ta cancanci sunan.

Hujjar da na fi ba nauyi ita ce abin da ya biyo baya. A zaɓen majalisar Jihar Arewa na 1961, NEPU ta koma kujera ɗaya tak. A zaɓen tarayya na Disamba 1964, na farko bayan samun mulkin kai, NPC ta kwashe 162 daga kujeru 167 na Arewa. Ƙabilun Arewa ba su sauya ba tsakanin 1959 da 1964. Abin da ya sauya shi ne Turawan mulki sun tafi, NPC ta haɗa ikon Kaduna da na Legas, kwangila da lasisi da rance da gurbin karatu duk sun koma hannu ɗaya, ita kuma NEPU ta sami kanta a wani mawuyacin hali, ƙawarta NCNC tana cikin gwamnatin tarayya tare da NPC, abokiyar hamayyar NEPU. Da asali ne ke jefa ƙuri'a, da sakamakon bai yi irin wannan tsalle cikin shekara biyar ba. Diamond (1988) ya bi wannan sawu, kuma ina ganin ya fi kusa da gaskiya.

Adalci ne a ambata cewa Horowitz da kansa ya san tsarin zaɓe yana sarrafa halayyar 'yan siyasa, shi ya sa ya yaba da sharaɗin kundin tsarin mulkin 1979 na samun rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Saɓanina da shi a kan mataki na farko ne: ya ɗauki rarrabuwar a matsayin abin da tsarin ya tarar, ni kuwa ina ganin a masarautun Arewa tsarin ya taimaka wajen ƙera ta, ta hanyar shafe adawar da ba ta ƙabila ba daga majalisa, daga baya kuma daga littattafai. Da'awata ba ta wuce nan ba. Nazarin ƙidaya ya yi bayanin Tibi da Kalaba, ya yi rabin bayanin ƙasar Yarabawa, amma bai yi bayanin Kano da Zariya da Bida ba. Malaman da ke koyar da zaɓen 1959 a jami'o'inmu da kwalejojinmu su riƙa ɗora wa ɗalibai jadawalin ƙuri'u kusa da taswirar kujeru, mazaɓa bayan mazaɓa, kafin su furta kalmar ƙabilanci.