Tafiya da Bindiga Zuwa Birnin New York: Giɓin da ke Tsakanin Dokar Tarayya da Dokar Jiha a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci halin da matafiyi yake shiga a Amurka idan ya ɗauki bindigar da ya mallaka bisa ƙa'ida a jiharsa ya nufi birnin New York, ko kuma ya ratsa ta filayen jiragen saman da ke kewaye da birnin. Ta dubi dokar tarayya ta 1986 wadda ta ba matafiya damar wucewa da makami, da hukunce-hukuncen kotunan ɗaukaka ƙara na 2010 da 2013, ta kuma nuna cewa an tsara wannan kariya ne domin mai tuƙa mota, saboda haka takan kuɓuce wa fasinjan jirgi daidai lokacin da tafiyarsa ta katse.

Gabatarwa

A Nijeriya batun makamai yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take da ikon yi wa doka, shi ya sa Dokar Makamai ta 1959 ita ce take aiki daga Sakkwato har zuwa Kalaba. A Amurka lamarin ba haka yake ba, domin kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da nata tsarin, kuma lasisin da wata jiha ta bayar ba ya aiki a wata sai idan jihar da aka shiga ta amince da shi. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin ƙasar ya tanadi 'yancin mallakar makami, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a hukuncin Heller na 2008 cewa 'yanci ne na ɗaiɗaikun mutane, sannan a hukuncin McDonald na 2010 ta ce ya hau kan jihohi da birane. Sai dai babu ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan da ya wajabta wa wata jiha karɓar lasisin maƙwabciyarta, wanda hakan ya sa mutum ɗaya riƙe da bindiga ɗaya yana iya zama mai bin doka a Pennsylvania da safe, kafin azahar kuma ya zama wanda ake tuhuma da babban laifi bayan ya haye kogin Hudson ya shiga birnin New York.

Tsarin New York

Tsaurin dokar New York ya samo asali ne daga Dokar Sullivan ta 1911, wadda ta ci sunan ɗan majalisar dattawan jihar Timothy Sullivan, kuma aka zartar da ita 'yan watanni bayan an harbe marubuci David Graham Phillips a Manhattan. Dokar ta wajabta lasisi ga duk mai son mallakar ƙaramar bindiga, wato irin wadda ake iya ɓoyewa a jiki, sannan gyaran 1913 ya ƙara sharaɗin cewa mai neman izinin yawo da ita sai ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili. Jihar ba ta amincewa da lasisin kowace jiha, birnin New York kuma ya ɗara sauran jihar tsauri, tunda lasisin da aka bayar a wata gunduma ta jihar ba ya aiki a cikinsa sai da izini na musamman daga kwamishinan 'yan sandan birnin.

Abin da ya fi yi wa baƙo illa shi ne ma'anar da dokar laifuka ta jihar ta ba bindigar da ke ɗure. A fahimtar kowa bindiga tana ɗure ne idan harsashi yana cikinta, amma a dokar New York ana ɗaukarta a ɗure matuƙar mai ita yana tare da harsasan da za su iya tashi a cikinta, ko da suna cikin wani kwali dabam. Mallakar irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba a wajen gida ko wurin sana'a babban laifi ne da mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara uku da rabi ne, mafi yawansa shekara 15. Irin mutumin da dokar ta nufa ba ɓoyayye ba ne: ɗan wasan ƙwallon Amurka Plaxico Burress ya shiga wani gidan rawa a Manhattan a Nuwamban 2008 da bindiga a ƙugunsa, ta tashi ta same shi a cinya, ya amsa wani laifi da bai kai wancan ba aka ɗaure shi shekara biyu. Amma wannan ma'ana ta ɗuri tana iya kama fasinjan da ya zare harsasai ya kulle komai a akwati.

Hukuncin Bruen da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 23 ga Yuni 2022, wanda alƙalai shida suka goyi baya uku suka saɓa, ya soke sharaɗin ƙwaƙƙwaran dalili, amma ya bar tsarin lasisi a tsaye. Cikin kwanaki kaɗan majalisar jihar ta zartar da sabuwar doka da ta fara aiki ranar 1 ga Satumba 2022, ta hana shiga da makami wurare da dama, ciki har da jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da dandalin Times Square.

Damar wucewa ta 1986

A 1986 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da Dokar Kare Masu Mallakar Bindiga, wadda wani sashenta, 926A, ya tanadi abin da za a iya kira damar wucewa. Sashen ya ce duk wanda doka ba ta haramta wa makami ba yana iya ɗaukarsa daga wurin da yake da izinin mallaka da riƙo zuwa wani wurin da yake da irin wannan izini, komai tsaurin jihohin da ke tsakani, bisa sharaɗin cewa bindigar ba ta ɗure, kuma ita da harsasan ba sa inda hannu zai kai gare su daga mazaunin fasinja. Idan motar ba ta da but, sai a sa su a akwati mai makulli, ban da aljihun gaban mota.

Sharuɗɗa biyu ne suka taƙaita amfanin wannan sashe. Na farko, wanda New York ce ƙarshen tafiyarsa ba shi da rabo a cikinsa, tunda ba shi da izinin riƙe makamin a inda ya nufa. Na biyu kuwa, wanda shi ne ya fi jawo shari'a, kalmomin sashen duk na mota ne, domin babu inda ya ambaci filin jirgi ko masauki ko tafiyar ƙafa daga mota zuwa teburin awon kaya.

Inda tafiya take katsewa

Ƙa'idar hukumar tsaron sufuri ta tarayya ta yarda fasinja ya tafi da bindiga a jirgi idan ya zare harsasanta, ya kulle ta a akwati mai tauri, ya sa ta cikin kayan da ake awo, ya kuma shaida wa ma'aikacin kamfanin jirgi. A yawancin filayen jiragen ƙasar cike takarda ce kawai. A filayen Kennedy da LaGuardia na New York da filin Newark na jihar New Jersey, waɗanda Hukumar Tashoshin New York da New Jersey take gudanarwa, wannan shaidawa takan sa a kira 'yan sandan hukumar su nemi lasisin jihar, wanda baƙo ba shi da shi. Wato biyayya ga ƙa'idar tarayya ita ce take miƙa mutum ga dokar jiha, kuma mai gaskiyar da ya bayyana abin da yake ɗauke da shi shi ne ake kamawa.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta wani mazaunin jihar Utah wanda a 2005 ya taso daga Salt Lake City zuwa Allentown a Pennsylvania, ta Minneapolis da Newark. Jirginsa ya yi latti, na gaba ya tashi ya bar shi, kayansa suka tsaya a Newark, sai ya karɓe su ya kwana a otal. Da safe ya koma ya shaida cewa akwai bindiga a akwatinsa, aka kama shi aka tsare shi 'yan kwanaki, daga baya aka janye tuhumar. Da ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta uku ta yanke a 2010 cewa kariyar 926A ta faɗi tun daren da ya kwana da akwatin, domin bindigar tana inda hannunsa zai kai. A shekarar dai, a wata shari'ar, kotun shiyya ta biyu, wadda New York take ƙarƙashinta, ta ce sashen bai ba matafiyi damar neman diyya daga ɗan sandan da ya kama shi ba, tana mai la'akari da cewa jami'in da ke bakin aiki ba zai iya tantance dokokin jihohi 50 nan take ba. A 2013 kotun shiyya ta uku ta ƙara ƙuntata sashen, ta ce abin hawa kaɗai ya shafa, bai haɗa da mai tafe da ƙafa a cikin filin jirgi ba, duk da cewa Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta bayyana akasin haka a wasiƙar da ta aika wa ɗan majalisa Don Young a 2005.

Ta fuskar lafazin doka da wuya a kushe waɗannan hukunce-hukunce, domin alƙalai sun karanta abin da majalisa ta rubuta ne. Ta fuskar adalci kuwa sakamakon abin damuwa ne ƙwarai, tunda kariyar ta koma hujjar da mutum zai gabatar a gaban alƙali bayan ya riga ya sha kamu da tsarewa da kuɗin lauya, kuma lattin jirgi, wanda ba shi da hannu a ciki, ya isa ya raba shi da ita.

Hujjar birnin da hanyar gyara

Tsaurin New York yana da dalilinsa. Rahoton da ofishin Antoni Janar na jihar ya fitar a 2016 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na bindigogin da aka kama a wuraren laifi tsakanin 2010 da 2015, waɗanda aka gano asalinsu, daga wasu jihohi suka shigo, da yawansu ta babbar hanyar I-95 daga jihohin kudu masu sassaucin doka. Birnin da mutum sama da miliyan takwas suke cunkushe a cikinsa yana da haƙƙin ya tsaurara, kuma ƙudirin tilasta wa jihohi karɓar lasisin juna, wanda Majalisar Wakilai ta amince da shi a Disambar 2017 amma bai tsallake Majalisar Dattawa ba, da ya ɗora wa Manhattan ma'aunin jihar da ta fi kowace sakaci.

Gyaran da ya dace bai kai wannan girma ba. Majalisa tana iya faɗaɗa sashe na 926A ya ambaci fasinjan jirgi da kwanan dole a hanya matuƙar akwatin yana kulle, ta kuma wajabta wa kamfanonin jirage su gargaɗi wanda ya bayyana makami tun daga filin da ya taso, kuma hakan ba zai raunana tsaron birnin ba, domin mai safarar makamai ba ya zuwa teburin awon kaya ya shaida abin da ya ɗauko. Kafin a kai ga haka, shawarar da lauyoyi suke ba fasinjan da tafiyarsa ta katse a Newark ko Kennedy ita ce kada ya karɓi akwatinsa ko da an miƙo masa, ya nemi kamfanin ya riƙe shi ya tura shi zuwa inda tikitinsa ya ƙare.