Albasar Gwandu da Masu Haƙa a Ƙarƙashinta

A watan Mayu na 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya sauka Gwandu, zamanin Sarki Halilu. Malaman tarihi suna tunawa da wannan ziyara domin a nan ya sami kwafin Tarihin Sudan na Abdurrahman as-Sa'adi. Amma akwai wani abu da ya rubuta wanda ba a cika ambata ba: ya yaba albasar garin saboda girmanta da kyanta, ya kuma ambaci ayabar da ke bakin rafin da ya ratsa shi. Ke nan lambu tsohon abu ne a wannan ƙasa. Duk inda aka daɗe ana ban ruwa da rani kuwa, an daɗe ana fama da masu haƙa rami a gefen fangali. Mai lambu a Cheberu ko a fadamar Kalgo da ya waye gari ya tarar an gutsure masa dankali daga ƙasa, gadon wannan rigima ya ci.

Littattafan aikin lambu da ke zuwa daga Turai da Amurka suna yawan magana kan dabbobi biyu, mol da bol, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a Afirka ta Yamma. Duk da haka labarinsu yana da amfani. Mol yana tura ƙasa sama ya yi 'yan tsibi a fili, kowa ya gani, amma abincinsa tana ce da tsutsa, ba ya cin shuka. Bol, wani ɗan ɓera mai gajeriyar wutsiya, shi ke bin ramukan ya cinye saiwa a ɓoye. Ƙarnuka aka yi a Ingila ana biyan masu sana'ar kama mol, daga baya aka koma zuba masa guba mai ƙarfi, wadda sai a 2006 aka hana. Sau da yawa mai laifin na gefe.

Ƙasar Hausa tana da nata irin wannan kuskure. Jaba ba ɓera ba ce. 'Yar'uwar mol ce ta nesa, kuma kyankyasai da gyare da tsutsa take ci. Warinta da dogon bakinta suka ja mata baƙin jini. Masu ɓarnar gaskiya su ne kusun ciyawa da ke yawo da rana a bakin fadama, da ɓera mai nonuwa da yawa da ke kai-kawo tsakanin gona da ɗaki, da gafiya, da kurege, sai kuma ɗan ɓeran jigawa mai tone iri. Wannan na ƙarshe har sunan Nijeriya yake ɗauke da shi a littattafan kimiyya, tun 1920 da masana a Landan suka bayyana shi daga samfurin da Angus Buchanan ya kama a Fanisau, kusa da Kano.

Mutanen da suna da dabarunsu. An ɗora rumbu a kan duwatsu don ya rabu da ƙasa, an shafe rufewa da laka sumul, an ajiye mussa a gida, an ɗana tarko. Gafiya kuwa nama ce: samari su toshe ƙofofin raminta, su tura hayaƙi ta ɗaya, su tsaya da sanda da kare. Sai dai in aka duba da kyau, ba waɗannan ne suka riƙe yawan ɓeraye ba. Shekara ce da kanta. Da damina Gulbin Kebbi yakan cika ya malale fadama, ramuka su nutse. Da rani tudu ya bushe ƙurmus, dabbobi su kiwace karmami, abinci ya yanke wata da watanni. Ɓerar da ke ɗaukar ciki na mako uku da 'yan kwanaki, ta haifi goma ko fiye a lokaci guda, ba ta haihuwa sosai in babu ɗanyen abinci. Lambun jigo kuma ƙarami ne, iyakar abin da mutum ɗaya zai iya shayarwa da guga, don haka bai isa ya ciyar da runduna ba.

An ga abin da ke faruwa idan wannan ma'auni ya karkace bayan babban farin da ya tsananta a 1972 da 1973. Da ruwa ya dawo, ciyawa ta yi 'ya'ya ba masu kiwace ta, domin garkuna sun ƙare, macizai da tsuntsaye masu farauta ma sun ragu. A 1975 da 1976 ɓeraye suka ɓarke a faɗin Sahel, daga kwarin kogin Senegal har Sudan. Aka sake maimaitawa a 1986 da 1987, bayan farin 1984, a daidai lokacin da fara ma ta taso. A wurare da dama manoma sun yi shuka an tone, sun sake an sake tonewa.

Amsar hukumomi a lokutan nan biyu guba ce, ana rabawa ta hannun malaman gona. Sannu a hankali ta zama kayan kasuwa, har ta sami sunanta na Hausa, shinkafar ɓera. Gubar da ke kashewa nan take tana da wata illa da masana suka daɗe da sani: wanda ya ɗanɗana bai mutu ba, ba zai ƙara kusantar abincin ba. Don kauce wa haka aka fito da warfarin a Amurka a 1948, mai tsinka jini sannu a hankali ba tare da ɓera ya gane ba. Shekara goma kacal aka yi, a 1958, aka sami ɓerayen da ba ya yi musu komai a Sikotlan. Magungunan da suka biyo baya sun fi ƙarfi, sun kuma fi daɗewa a jikin gawa, sai mage ko mujiyar da ta ci mushen ita ma ta bi. Annobar ɓerayen Sahel ɗin kuwa, a duka lokutan biyu, ta lafa ne a lokacin da abincin daji ya ƙare, kuma da wuya a ce guba ce ta yi mafi yawan aikin.

Babban sauyin ya zo ta hanyar da kowa ya yi maraba da ita. Madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984 sun canza yadda ruwa ke sauka fadamun ƙasa. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyar burtsatse da injin ban ruwa, jigo ya zama abin tarihi. A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi, noman rani ya ƙara faɗi. Arziki ne, ba musu. Amma fadamar da take kore daga Janairu zuwa Disamba ta cire wa ɓera watannin yunwarsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin kuma ya wuce asarar albasa da shinkafa, domin ɓera mai nonuwa da yawa shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, kuma hatsin da aka shanya a ƙasa yana cikin hanyoyin da cutar ke bi ta isa ga mutum.

Manoman shinkafa na Indonesiya da Biyetnam, da suka riga shiga wannan hali, sun gano cewa mutum ɗaya ba ya korar ɓera, maƙwabcinsa kawai yake tura wa. Abin da ya yi musu aiki shi ne shuka a lokaci ɗaya don girbi ya ƙare tare, da share ciyawar kunyoyi da magudanai, da rage kaurin kunya yadda ba za ta ɗauki rami ba, da farautar gayya tun shuka tana ƙarama, kafin haihuwa ta fara. Babu abin da ya gagari ƙauyen da ya san gayya a cikin waɗannan.

Wanda zai fi wuya shi ne na mujiya. A farkon shekarun 1980 manoma a arewacin Isra'ila suka fara kafa mata akwatunan sheƙa a kan sanduna cikin gonaki don ta ci bol, daga baya manoman Jodan da Falasɗinu suka shiga. A gonakin kwakwar manja na Malesiya ma haka ake yi. Gida ɗaya na mujiya yana cin dubban ɓeraye a shekara. Irin wannan farar mujiya tana nan a ƙasar Kebbi, tana kwana a kogon kuka da tsofaffin gine-gine, kuma har yanzu a ƙauyuka da yawa in ta yi kuka a kan soro, jifa ake kai mata.