Tarihin Ƙananan Zanen Gwaji A Aikin Littafi

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, malamin firamare a Gusau. Ya ce wata uku ya kwashe yana zana hotuna 20 masu launi don ɗan littafinsa na tatsuniya, da ya kai maɗaba'a aka ce shida ba su da wurin shiga. Yana tambaya, shin yaya manyan masu zanen littattafai ke kauce wa irin wannan asara, kuma tun yaushe?

To Malam, sannu da wannan wahala. Dabarar da suke yi ita ce, kafin su taɓa fenti sai su ɗauki fallen takarda ɗaya su ja 'yan akwatuna, kowane akwati a matsayin shafi guda, su yi zanen gaggawa da fensir a ciki. Turawa na kamanta ƙanƙantar zanen da farcen babban yatsa.

Abin ya daɗe. Littattafan ajiyar Leonardo da Vinci, mutumin Italiya da ya rasu a 1519, cike suke da irin waɗannan 'yan zane, inda yake gwada tsayuwar mutum ko ta doki sau da yawa kafin ya zaɓi ɗaya.

A harkar ɗab'i kuwa, tsada ce ta sa gwaji ya zama dole. A 1865 aka buga littafin Alice na Lewis Carroll a Ingila, da hotuna 42 na John Tenniel. Shi Tenniel sai ya fara zanawa da fensir a takarda, sannan ya mayar da zanen jikin katako, 'yan'uwan nan Dalziel su sassaƙa. Ka ga ke nan in wuƙa ta riga ta ci katako, gyara sai da wahala da kashe kuɗi. A takarda kuwa gogewa kawai za a yi.

Haka ma Beatrix Potter. Labarinta na zomo, Peter Rabbit, a cikin wasiƙa ya faro a 1893, wadda ta rubuta wa wani yaro marar lafiya ta ƙawata da 'yan zane. A 1901 ta buga kwafi 250 da kuɗinta, a 1902 kamfanin Frederick Warne ya fito da shi da launi.

Misalin da ya fi dacewa da matsalarka shi ne na Maurice Sendak, ɗan Amurka. A 1955 ya haɗa wani siririn littafin gwaji kan yaro da dawakin daji. Daga baya shi da bakinsa ya ce zanen doki ya gagare shi, sai ya koma dodanni. Littafin, Where the Wild Things Are, ya fito a 1963, ya ci lambar Caldecott a 1964. In ka buɗe shi za ka ga hoton farko ƙarami ne, na gaba yana ƙara girma, har hoto ya cinye shafuka shida babu kalma ko ɗaya, sannan ya soma raguwa da yaron ya juyo gida. Irin wannan hawa da sauka, sai wanda ya shimfiɗa dukkan shafuka a gabansa zai iya tsarawa.

Batun hotunanka shida kuma, ga inda gizo ke saƙa. Maɗaba'a kan buga shafuka 8 ko 16 a babbar takarda guda, sannan a naɗe a yanke. Shi ya sa yawancin littattafan yara masu hotuna ke da shafi 32, ciki har da shafin suna da na bayanin maɗaba'a.

Saboda haka Malam, ka fara tambayar maɗaba'a girman shafi da adadinsa. Ka ja akwatuna 32, ka raba labarin a ciki, ka bar wa rubutu fili, kada fuskar kowa ta faɗa tsakiya inda ake ɗinki. Sannan ka naɗe takardu ka yi littafin gwaji, ka karanta wa ɗalibanka, ka lura da inda suka ƙosa a juya shafi. Hotunan nan shida kuma ka adana su, wata tatsuniyar na iya buƙatarsu.

Da fatan mun gamsar da kai. Sai mun ga wata takardar taka.