Kuɗin duwan a kan ƴar tsana da aka aika fenti ƙasar waje

Mai karatu, akwai ƴan tsana masu tsada waɗanda manya ke tarawa, irin waɗanda kamfanin Volks na Japan ya fara fitarwa a 1999. Ana iya cire kansu. Mai ƴar tsana yakan aika kan ga gwanin fenti a wata ƙasa, ya zana masa gira da leɓe, ya maido.

Ka lura, kan nan zai ƙetare iyaka sau biyu, kuma kowane gefe ma'aikatan duwan na iya neman haraji.

Saboda haka, kafin ka ɗaure ƙunshin, je ofishin duwan ka bayyana cewa fita ce ta wucin gadi: aiki za a yi masa ya dawo. Inda doka ta yarda, ladan fenti kaɗai za a ɗora wa haraji ranar dawowa. In babu wannan shaida, ana iya ɗaukarsa sabon kaya, ka biya kuɗi a kan abinka.

A takardar gidan waya, CN22 ko CN23, rubuta ainihin kuɗinsa. Rage kuɗin dabara ce marar riba: in an gane akwai tara, in ƙunshin ya ɓata diyya ba za ta wuce abin da ka rubuta ba. Adana hotonsa da takardar saye.